Kafin a Shafa Gam: Yadda Masu Zane Ke Haɗa Hannu a Aikin Liƙe Don Baje Koli

A shekarar 1963 wasu masu zane baƙaƙen fata na birnin New York suka fara taruwa a ɗakin aikin Romare Bearden. Lokacin ana ta shirin babban tattakin neman 'yanci zuwa Washington, wanda aka yi a watan Agustan shekarar, kuma abin da ya tara su shi ne neman sanin rawar da mai zane zai taka a irin wannan hali. Suka raɗa wa ƙungiyar suna Spiral. Cikinsu akwai Hale Woodruff da Charles Alston da Norman Lewis, daga baya Emma Amos ta shigo, ita kaɗai ce mace. Bearden ya kawo shawarar su taru su yi babban aiki guda ɗaya, har ya zo da jaka cike da hotunan da ya yanko daga mujallu. Abin bai kama hankalin abokansa ba. Ya tattara kayansa ya ci gaba shi kaɗai, a 1964 ya nuna jerin ayyukan da ya kira Projections, kuma tun daga nan aikin liƙe ya zama abin da duniya ta san shi da shi har ya rasu a 1988. Ita kuwa ƙungiyar, baje koli ɗaya tak ta yi, a 1965, bayan sun yarda kowa ya tsaya kan baƙi da fari.

Duk masu shirin haɗa hannu a irin wannan aiki ya kamata su riƙe wannan labari. Ƙwararrun masu zane, masu manufa ɗaya, sun kasa zama kan allo ɗaya, amma da aka gindaya musu sharaɗi ƙwaya ɗaya mai sauƙi sai ayyukansu suka zauna a ɗaki ɗaya suna amsa wa juna. Wahalar aikin ƙungiya ba ta almakashi ba ce. Tana wajen abin da aka yarda da shi kafin gam ya taɓa takarda.

Aikin liƙe, ko kolaj, shi ne haɗa hoto ta hanyar yanko ko yago takarda, ƙyalle, hoto, fata da makamantansu a manna su kan allo. A zanen zamani na Turai an fi danganta farkonsa da Georges Braque da Pablo Picasso a 1912, lokacin da Braque ya sayi takardar ado ta bango mai kama da katako a wani shago a garin Avignon na Faransa ya manna ta cikin zanensa na gawayi. Hannah Höch a Berlin ta yayyanka hotunan jaridu ta caccaki 'yan siyasar zamaninta da su, Kurt Schwitters kuma ya riƙa tsince tikitin mota da takardun da aka yar a titi. Hannunmu ma bai baƙunci wannan aiki ba: wanda ya taɓa zama kusa da baduku yana yanka jar fata da koriya yana ɗora su kan jaka ko filo ya riga ya ga rabin sana'ar.

Zaman farko

Ku ƙirga kwanaki daga ranar buɗe baje kolin ku dawo baya. Makon ƙarshe na firem ne da rataya da rubuta sunaye. Makon da ke gabansa na bushewa da danne aiki ne, ba a taɓa shi. Abin da ya rage shi ne lokacin aikinku na gaskiya, kuma galibi bai kai yadda ake zato ba. Idan wata biyu ne a gabanku, to wajen mako shida kuke da su.

A zaman farko kada a fito da gam ko kaɗan. Abu uku za a yanke: jigo, sharaɗi, da salon haɗa hannun. Jigo ya zama abin da ido ke iya gani. "Rayuwa" ko "zaman lafiya" sun yi faɗi, kowa zai kama gabansa. "Tashar mota da asuba", "kasuwar 'yan gwanjo" ko "kayan ɗakin amarya" za su sa kowa ya san abin da zai je ya nemo. Sharaɗi kuwa ɗaya ko biyu sun isa: girman allo ɗaya ga kowa, ko launi uku kawai, ko a ce ba za a yi amfani da komai ba sai abin da aka tsinto a unguwa ɗaya. Wasu za su ce an ɗaure musu hannu. A ganina sharaɗin shi ne ke sa baƙo ya shigo zauren ya gane cewa mutanen nan tare suka yi aiki, ba tarin ayyukan da aka kwaso daga gidaje daban-daban ba ne.

Salon haɗa hannu iri uku ne. Mafi sauƙi, kowa da allonsa amma tebur ɗaya, tulin kaya ɗaya. Na biyu, allo ya riƙa zagayawa: ka yi minti ashirin a kai, ka miƙa wa na damanka, ka karɓi na hagunka. Wannan dangin wasan da 'yan Surrealism na Paris suka riƙa yi ne tun wajen 1925, inda kowa ke zana wani sashe ya naɗe takardar ya miƙa wa na gaba. Na uku shi ne babban allo ɗaya kowa ya sa hannu, wato abin da Bearden ya nema bai samu ba. Sabuwar ƙungiya ta fara da na farko, ta gwada na biyu a kan ƙananan kwalaye don a san hannun juna, sannan ta tunkari na uku. Mutum huɗu zuwa shida sun isa babban allo. Sun wuce haka, rabi za su koma 'yan kallo.

A wannan zaman ne kuma za a warware zare da abawa kan maganar suna da kuɗi, tun ana dariya. Sunan wa zai hau kan aikin haɗin gwiwa, kuma da wane jeri? Idan an saya, yaya za a raba, bayan an cire kuɗin kaya da kason masu zauren? Idan ba a saya ba, a gidan wa zai zauna? A rubuta a takarda ɗaya kowa ya sa hannu. Mun saba jin nauyin ta da irin wannan magana tsakanin abokai, amma ranar da mai saye ya tsaya gaban aikin ya ce "nawa?" ba ranar fara shawara ba ce.

Tara kaya, da abin da ba a yankawa

A ba kowa mako guda ya tara. Tsofaffin mujallu da kalanda, takardar buhun siminti mai ruwan ƙasa, kwalin ashana da na shayi, ambulan masu kan sarki, tikitin mota, taswira, littafin lissafin da aka gama da shi. Ku je wajen tela ku roƙi ƙyallayen atamfa da shadda da ke zube ƙarƙashin keke, ku leƙa wajen dukawa ku karɓi guntayen fata. Idan an kawo, a juye su wuri ɗaya a rarraba bisa launi a cikin faifai ko kwali. Daga wannan lokaci babu "nawa", kayan na tebur ne. Wanda ke da abin da ba zai iya rabuwa da shi ba ya bar shi a gida.

Kafin almakashi ya fara aiki a naɗa mutum ɗaya mai natsuwa ya duba takardun gaba da baya. Jaridunmu da kalandunmu cike suke da ayoyi da sunayen Allah da hadisai, wani lokaci a bayan hoton da kake so. Duk takardar da ke ɗauke da su a ware ta, haka duk rubutun Larabci ko ajami da ba a tabbatar da abin da ya ƙunsa ba. Wannan girmamawa ce da ta wajaba a kanmu, kuma rashin kula da ita na iya rufe baje koli tun ranar farko. Takardar naira ma ba a yanka ta, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana wulaƙanta ta. Hoton mutumin da ba sananne ba, musamman mace ko yaro, sai da izinin masu shi. Hoton iyali kuwa, na bikin iyaye ko na kaka, a kai shi wajen masu fotokwafi a yanka kwafin, asalin ya koma akwati. Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Inugu, wadda hotunan danginta da na mujallun Najeriya suka cika ayyukanta, kwafi take ɗaukowa ta sauke tawadarsa kan takarda.

A sani kuma cewa takardar jarida ba ta daɗewa da farinta. Sinadarin itacen da ke cikinta yana sa ta koma rawaya, ta yi ruwan ƙasa, ta dinga karyewa, musamman idan tana shan rana. Jaridun da Picasso ya manna a 1912 yau sun yi ruwan ƙasa. Idan ana son wannan tsufan, madalla. Idan farin ake so ya tsaya, a yi kwafi a kan takarda mai kyau.

Allon da za a manna a kai ya fi duk abin da za a ɗora masa ƙarfi. Ƙaramin aiki kwali mai kauri ya ishe shi. Abin da ya wuce tsawon hannu yana son siririn katako, a sa kafinta ya buga masa sanduna a baya don kada ya lanƙwashe, a shafe fuskarsa da farin fenti na ruwa sau biyu, a bar shi ya bushe sarai. Ɗanyen katako yana fitar da tabo ya ɓata takarda daga ƙasa.

Shimfiɗa a bushe

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne ake yawan gaggawa. A kashe fanka. A kawar da kofin shayi da ledar ƙosai daga tebur, domin ɗigon maiƙo ɗaya a kan takarda ba ya fita. Kowa ya wanke hannu.

Almakashi da reza suna ba da baki mai kaifi, yaga kuma tana ba da baki mai laushi. Ka ɗauki shafin mujalla mai launi ka yaga shi zuwa wajenka, za ka ga gefe ɗaya ya fito da farin leɓe siriri, ɗayan kuma launinsa ya kai har baki. Wannan farin leɓen layi ne da ka samu kyauta, kana iya zagaye fuska ko rufin gida da shi. Takarda tana da jijiya: ta wani ɓangaren tana yaguwa a miƙe, ta ɗayan tana karkacewa. Gwada a kusurwa kafin ka yaga abin da kake ji da shi. Mai yanka da reza ya sa kwali a ƙasa, ya yi amfani da rula ta ƙarfe, ya canza reza da zarar ta fara jan takarda.

A fara da manyan fannoni: sama, ƙasa, bango, inuwa. Sai matsakaita, sai ƙanana a ƙarshe. Sabon hannu yakan fara da ɗan kyakkyawan hoton da ya fi burge shi, ya ajiye shi a tsakiya, daga nan kowa ya koma yi masa hidima. A bar irin waɗannan a faifai tukuna. Kuma ba dole ne a cike ko'ina ba. Idan hannu biyar suna kan allo ɗaya kowa yana son a ga nasa, sai aikin ya cushe ido ya rasa wurin hutawa. Wani ya ɗauki nauyin kare filin da babu komai, ya riƙa cewa "nan a bar shi haka."

Henri Matisse, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta rage masa ƙarfin tsayuwa gaban allo, ya koma yanka takardun da mataimakansa suka shafa wa launi. Yana yankawa, suna kafe su a bango da fil, yana cewa a matsa nan, a ɗaga can, wani lokaci a ɗauki tsawon lokaci ana sauyawa kafin a manna. Ramukan fil ɗin suna nan a jikin takardun. Ku yi haka. Ku jingina allon a bango, ku kafe da fil ko ɗan guntun salatif na takarda a baya, ku ja da baya taku biyar. Abin da ya yi kyau a kan tebur sau da yawa yakan watse idan aka tsayar da shi. A ɗauki hoto da waya bayan kowane babban sauyi, a mayar da hoton baƙi da fari: nan take za a ga ko duhu da haske sun rabu ko duk sun zama toka ɗaya.

Sai maganar rufe aikin wani, wadda ita ce ke ɓata zumunci. Aikin liƙe ba ya yiwuwa sai wani abu ya hau kan wani, to dole a yi ƙa'ida. Wadda na fi yarda da ita: kana iya matsar da abin kowa, kana iya rufe wani sashe nasa, amma cire shi gaba ɗaya sai ka faɗa da baki mai shi ya ji. A ƙungiyar da ke da malami da ɗalibai, ko babba da ƙanana, ƙaramin ba zai taɓa abin da babba ya ajiye ba ko da yana ganin ya ɓata tsarin. Babban ne zai buɗe ƙofa. Ya ce, "Ƙanwata, ya kika ga jan nan, bai yi yawa ba?" don ita ma ta samu bakin cewa, "Malam, da za a ɗan sauke shi ƙasa, ina ga fuskar za ta fi fitowa." Idan babba bai yi haka ba, za a gama aiki da sunan mutum shida alhali idon mutum ɗaya ne a ciki. Inda aka kasa daidaitawa, a ɗauki hoton tsarin biyu, a tashi, a kwana a kai.

Gam

Idan kowa ya yarda, sai a zo ga abin da ba ya komawa baya. A sa alama da fensir a kusurwoyin manyan guntaye, a ɗauki hoto na ƙarshe, a kwashe daga sama zuwa ƙasa a jera a gefe, sannan a manna daga ƙasa zuwa sama. Mutum biyu ne ke mannawa, ɗaya na shafa gam ɗaya na ɗorawa da tsabtataccen hannu, na uku yana riƙe da waya yana duba hoto.

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ya fi sauƙin samu. A ɗan sirka shi da ruwa har buroshi ya riƙa tafiya ba tare da turjiya ba. Yana kama takarda da ƙyalle da kwali, yana bushewa ba launi, amma in ya kama ya kama. Sitaci ya fi shi sauƙin hali, shi ya sa masu gyaran tsofaffin takardu ke amfani da na alkama: ana iya jiƙa shi a ɗaga abin da aka manna. Awo ɗaya na sitaci, awo biyar na ruwa, a dama a ɗora a ƙaramar wuta ana juyawa ba tsayawa har ya yi kauri kamar koko ya fara sheƙi, a sauke ya huce, a tace da ƙyalle. A dama na kwana biyu kawai, yana saurin tsami. Aibinsa shi ne kyankyaso da gara suna son sa, don haka aikin da aka yi da shi ba a jingina shi a ƙasa. Ƙaro, wanda malamai ke sawa a tawada, yana riƙe siririyar takarda da kyau, sai dai yana tsagewa idan ya yi kauri kuma laima tana sake shi. Gam mai wari na masu gyaran takalmi na fata da ƙarfe da katako ne, yana huda takarda ya bar tabo, kuma ba a buɗe shi a rufaffen ɗaki. Salatif mai sheƙi kada ya kusanci fuskar aiki, yana rawaya ya saki ya bar dauɗa.

A kifa guntun a kan tsohuwar jarida, a shafa gam daga tsakiya zuwa baki, siriri, har ya wuce gefen. Takarda tana buɗewa idan ta sha ruwa, to a ba ta ɗan lokaci ta gama miƙewa kafin a ɗora, in ba haka ba za ta yi tamoji a kan allo. A ɗora, a rufa da farar takarda, a murza da gefen tsohon katin waya ko bayan cokali daga tsakiya zuwa waje don iska ta fita. Gam da ya ɓullo a share shi nan take da ɗanyen ƙyalle. A canza jaridar ƙasa bayan kowane shafi, yawancin tabon da ake gani a fuskar aiki daga nan yake zuwa. Ƙyalle kuwa allon ake shafa wa gam, a ɗora shi a kai, don kada ya jiƙe ya yi duhu.

Kwali yakan lanƙwashe zuwa ɓangaren da aka manna wa abu, saboda takarda na tsukewa idan ta bushe. Maganinsa a manna takarda mai irin wannan kauri a bayansa, jan ya zo daidai. Sannan a shimfiɗa leda a fuska, a sa takardar da za ta tsotse laima a baya, a ɗora katako, a danne da littattafai ko bulo, ana sauya takardar. Da hunturu gam na bushewa kafin ka kai hannu, sai a riƙa shafa kaɗan-kaɗan, a kuma rufe aikin saboda ƙura. Da damina ana iya kwana uku bai bushe ba, kuma wanda ya sa shi a firem da sauran laima zai tarar da fumfuna a bayan gilashi. Kada a shanya a rana don sauri.

Rataya

Gilashi kada ya taɓa fuskar aikin. Mai firem ya sa kwali ko siririn katako a gefe ya ba da tazara. Babban allo na katako yana iya tafiya ba gilashi, a shafe shi da siririn farin gam da aka sirka, bayan an gwada a guntu, domin tawadar wasu mujallu da ta firinta tana narkewa.

Ku je zauren tun da wuri da tef na awo. A jingina ayyukan a ƙasa jikin bango, a yi ta sauya musu wuri kafin a buga ƙusa ko ɗaya. Tsakiyar kowane aiki ya kasance wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye, a ja zare a bango don layin ya miƙe. Babban aikin haɗin gwiwa ya samu bangon da mai shigowa zai fara gani, ƙananan na kowa su biyo baya bisa yadda suke amsa juna, ba bisa girman masu su ba. A guji bangon da rana ke bugawa ta taga. Kowane aiki da 'yar takardarsa: suna, shekara, kayan da aka yi da su, girma, da sunayen duk waɗanda suka sa hannu bisa jerin da aka amince a zaman farko. Idan da hali a liƙa hotunan matakan aikin a wani lungu, masu kallo suna son ganin yadda allo ya tashi daga fari zuwa abin da ke gabansu.

Ranar buɗewa wani ya riƙe ɗan kwalban gam da ƙaramin buroshi a aljihu, domin zafin fitila da hannun yara sukan ɗaga kusurwa. Ranar saukewa kuma a zo da kwali da farar takarda, a raba tsakanin kowane aiki da na kusa da shi, a ɗauke su a tsaye, a ajiye a kan katako nesa da ƙasa da bangon da ke tsatsafo.